Ciwon da Ya Ɓuya Bayan Kunya

A ƙarshen shekarun saba'in, bayan yunwar nan da ta girgiza Adar, ina aikin jinya a Madawa, ɓangaren mata da yara. A wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne, don haka ni ma likita suke ce mini. Kowace shekara lakwal ɗin koyon jinya takan turo mana ɗalibai su yi istaj, su bi mu 'yan watanni su ga aiki da idonsu. Majur, shugabanmu a asibitin, ya san ni da baki. In aka zo kan taɓin hankali sai ya ce, "A kai su wurin Madam, ita ce ba ta gajiya da magana." Har yau ban san ko yabo ne ko zagi ba, ni dai nakan karɓe su.

Wata shekara aka haɗa ni da 'yan mata biyu. Ɗaya 'yar Yamai ce, girman bariki, Hausarta rabi Faransanci, ga kai kamar aska ga rawar jiki. Ɗayar daga wani ƙauye take kusa da Babankatami, muna ce mata 'yar Buza, shiru-shiru ce, amma ba al'adar da za ka ambata ba ta san gindinta ba. Na tambaye su me suka sani game da mai taɓin hankali. Suka ce wanda ke tuɓe tufafi yana jifan mutane a kasuwa. Na ce, "Wannan ai ko yaron goye ya san shi. Ni wanda nake tsoro shi ne wanda ya zauna shiru, kowa yana yaba masa."

Ranar awon yara ta farko 'yar Yamai ta kwaso abin dariya. Wata yarinya ta zo da jaririnta, maƙwabciya ce ma ke riƙe da shi. 'Yar Yamai ta tambaye ta sunansa, ta kau da kai. Ta sake tambaya, ta sunkuyar da fuska. Maƙwabciyar ta faɗi sunan. Sai ga ɗalibata ta zo mini a guje, ido waje. "Madam, wannan ba ta son ɗanta! Mun karanta irinsa, ciwo ne." Wallahi na yi dariya har da hawaye. Na ce mata ɗan fari ne. A ƙasarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya yi kuka ma sai ta yi kamar na maƙwabta ne. Kunya ce, kuma da ita ake gane yarinyar da ta sami tarbiyya. Na ce, "Je ki dubi kumatun yaron nan. Wa ya cika su, ke?" 'Yar Buza ta daɗe tana tsokanarta da wannan, har 'yar Yamai ta yi rantsuwar ba za ta ƙara buɗe baki kan uwar ɗan fari ba.

Ba a jima ba muka fita rigakafi wani ƙauye wajen Bangi, ranar kasuwa, don a sami mutane. Muna ƙarƙashin gawo muna allura sai wata tsohuwa ta miƙo mini jariri cikin zane. Ina ɗaga shi na san ba lafiya. Ba nauyi, fatar cinyarsa ta yi tamoji, kukansa ma ba ya fita sosai. Na ce ina uwar? Ta ce tana gida, haihuwar fari ce, ta zo wankan jego wurinsu, mijin ya tafi cin rani tun cikin bai tsufa ba. Me yake sha? Nonon akuya da ruwa, wai na uwar bai zo da yawa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na bar abokin aikina da layin allura, na ce wa ɗalibai su biyo ni.

Muka tarar da mai jegon a ɗaki, zaune kan tabarma, fuskarta wajen bango. Ba za ta wuce shekarun ɗalibaina ba. Mun yi sallama, ta amsa da murya can ƙasa. Tsohuwar, wadda ita ce uwarta, sai murmushi take tana ba mu labari. "Duk garin ga babu mai kunya kamar wagga ɗiya tau. Tun da ta haihe shi ko kallonai ba ta yi. Mata har misali suka yi da ita." 'Yar Yamai ta ja bakinta ta yi gum, ta tuna rantsuwarta. 'Yar Buza ta raɗa mini, "Madam, kunya ta. Haka yayata ta yi." Ni kuwa idona yana kan ƙwaryar kunun kanwa da ƙuda suka rufe, ba a taɓa ba, da kan yarinyar wanda ya daɗe bai ga kitso ba.

Na karɓi jaririn na kwantar da shi gefenta, na ce kowa ya fito, zan sha ruwa a waje. Muka zagaya bayan zana. Na ce wa ɗalibaina su leƙa ta kafar zanar, inda ake hango cikin ɗakin, kada su kalli fuskarta, su kalli jikinta. Yaron ya fara kuka. Na ce musu, "Kunya don idon mutane ake yin ta. In ido ya tafi, mai kunya hannunta da kansa yake zuwa, ko kafaɗarta ta motsa, ko rigarta ta jiƙe." Muka tsaya. Yaro yana kuka har ya shiɗe, ita ko gezau. Ba ta juya ba, ba ta toshe kunne ba, tana nan kamar an ajiye buhu. Na ji 'yar Buza ta ce a hankali, "Innalillahi." Ta gane kafin in ƙara ko kalma.

Na koma ciki da su. A nan na koya musu abin da ba ya cikin takardunsu. Kada ki tsaya a kan mutum da farar riga kina jero tambaya kamar jandarma. Ki tuɓe takalmi, ki zauna ƙasa, ki iya yin shiru. Ni kaina shiru wahala yake ba ni, amma na yi. Na tura 'yar Buza kusa da ita, tun da bakinsu ɗaya. Ta daɗe tana yi mata hirar banza, ta gero da ta tsadar gishiri. Can sai yarinyar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni ban iya komi ba. Gara a ba wata shi." Ta ƙara da cewa ba ta barci, abinci kamar ƙasa yake a bakinta, kuma in ta ji ƙarar guga a rijiyar bayan gida sai ta ji tana son zuwa. Na matso na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin faɗawa ciki. Ɗalibaina suka zaro ido kamar na yi saɓo. Ita kuwa ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo, na farko tun shigowarmu. Daga baya na ce musu tambayar ba ta tura mutum rijiya, rashin tambayar ne ke barinsa ya tafi shi kaɗai.

Aikin gaske yana wurin tsohuwa. Ina fara bayani ta miƙe tana tafa hannu. "Ɗiyata ba mahaukaciya ba ta! Kuna so a ce gidanmu da hauka, a ƙi auren ƙannenta?" Yayar tsohuwar ta shigo, wata dattijuwa da gidansu bai bar bori ba duk da sallar da suke yi, ta ce iska ce ta shafe ta a bakin rijiya, turare da girka za su warware. Raina ya ɓaci, don yaro yana mutuwa a hannunmu ana gardamar suna. Na haɗiye. Na ce, "Inna, wa ya ce hauka? Jego ne ya yi mata nauyi har ya danne zuciya, kuma yana da magani. Ku yi turarenku, malam ya yi rubutunsa, ni ban hana ba. Amma ku ba ni ita da yaron nan in tafi da su Madawa, ke ma ki zo." Na ɗora mata jikan a tafin hannu na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah ko wannan nauyin ɗan da ya kusa arba'in ne. Ta dube shi ta daɗe. Sai ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

A Madawa likitan da ke zagayowa daga Tawa ya duba ta, ya rubuta ƙwaya. Sauran aikin namu ne. Na kafa doka cewa ba a barin ta ita kaɗai, ko ban ɗaki za ta je. 'Yar Yamai ta ɗauki yaron, tana tatso nonon uwar tana ba shi da cokali, ɗigo-ɗigo, tana yi masa faɗa da Faransanci in ya furzar. 'Yar Buza ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Ran nan na ji su biyun suna ce mata ta yi haƙuri, ta gode wa Allah da ya ba ta ɗa namiji. Na kira su waje na wanke su tas. "Kuna tsammani ba ta taɓa jin wannan ba? Duk garinsu abin da suke gaya mata ke nan, ita kuma tana ƙara ganin kanta butulu. Ku ce mata ciwo ne, ba laifinta ba ne, kuma yana wucewa. Ku faɗa yau, ku faɗa gobe, har ta gaji ta yarda."

'Yar Buza ce ta kawo dabarar zane. Ta ce ko lafiyayyar uwar ɗan fari ba za ta ba da nono a ɗaki cike da mata suna kallo ba, balle wannan. Muka ɗaura igiya a kusurwa muka rataya zane, ana kai mata yaron can, ɗaya daga cikinmu ta zauna ta wannan gefen ta ba ta baya. Da farko sai dai a ɗora mata shi a ɗauke. Sannu ba ta hana zuwa. Barci ya fara dawo mata. Wata safiya ta ce kunun ba yaji, tsohuwa ta fita da gudu neman yaji kamar an yi mata bushara. Da yaron ya fara cika muka sallame su, da ƙwaya a ƙulle a bakin zanen tsohuwa, da sharaɗin rijiya ba aikinta ba ne tukuna. Na sallame su ne dai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na sha ganin wadda ta miƙe a asibiti ta koma gida ta sake zama.

Ana gab da ƙare istaj muka sake fita wajen Bangi. Kafin mu sauke kayan allura na ce mu fara da gidan nan. Muka same ta a tsakar gida tana tankaɗe, da sabon kitso. Ta gaishe mu da kyau, har da tambayar gajiyar mota. Yaron yana cinyar tsohuwa, ya yi kumatu. Amma duk zaman da muka yi ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Ya yi ƙorafi, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ga fuskar 'yar Yamai ta canza, 'yar Buza ta sunkuyar da kai. Na ce a raina ko nonon akuya ne ya cika shi, mu kuma mun koma gidan jiya.

Na yi sallama. Na ƙifta wa tsohuwa, ta kwantar da shi kan tabarma ta fito raka mu. Muna fita na ja su bayan zana, wurin kafar nan ta ranar farko. Ba mu ma gama tsayawa ba. Yaron ko kuka bai kai ga yi ba, ɗan motsi ya yi, sai ta yar da rariya, gari ya watse. Ta sure shi, ta cusa fuska a cikinsa tana hura masa iska, yana ƙyalƙyala dariya. Tana ce masa, "Kai, ɓarawon nono! Wa ya taɓa mini kai?"

'Yar Yamai ta kasa riƙe kanta, ta fashe da kuka mai ƙara. Yarinyar ta ɗago ta ga idanu a kafar zana. Nan take ta dire shi kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga ɗaki har tana tuntuɓe da turmi. 'Yar Buza ta zauna ƙasa tana dariya tana share ido. Ni ma na ce alhamdu lillahi, na sake cewa.

Tsohuwa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyara ɗaurin zanenta. "To, kun gani? Tun hwarko ni hwaɗa muku kunya ta."

Na ce, "Ta yau kam, Inna, kunya ce. Allah ya bar mata ita."