Ranar da Maman Emma Ta Buga wa Kanta Sallama

Idan ka shiga layin masu walda a Nasarawa da hantsi, kafin ka kai kwalbati za ka tarar da wata dattijuwa gajeriya zaune gaban tukunyar gwate. Celina sunanta, amma in ka tambayi Celina sai a tsaya ana kallonka, Maman Emma kowa ya sani. Tana amarya aka kawo ta Kaduna daga wani ƙauye bayan Zonkwa, a zamanin da jiniyar masaƙu ke tashin rabin gari daga barci. Mijinta Joseph ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har aka rufe ta, daga baya ciwo ya kwantar da shi, ya tafi ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da gwaten acca ta rene su duka.

Sai dai ita ba ta taɓa ɗaukar kanta mai gwate ba. Mai tulu ce. Shekara talatin da ɗaya ita ke buga babban tulu a Zumuntar Mata ta cocinsu, tulun ƙasa mai faɗin ciki da ake dukan bakinsa da guntun soso, ya riƙa amsawa daga can ƙasa har ka ji shi a ƙirjinka. Makon da aka binne Joseph ma ta je ta buga, tana yi hawaye na sauka a kafaɗar tulun, ba wadda ta ce mata ta bari. Duk sauran kwanakin mako na 'ya'ya ne da masu sayen gwate. Yammacin Alhamis kaɗai ne nata.

To, Zumuntar nan tana da wata al'ada da ban ga irinta a wani coci ba. Ba a ɗaga hannu wajen yanke shawara. Uwar Zumunta za ta kawo magana, duk wadda ta yarda sai ta ɗauko waƙa, masu caki su karɓa, idan tulu ya shigo shi ke nan, an rufe. Suna cewa magana in ta shiga waƙa ta gama. Asalin abin wata rigima ce da aka taɓa yi kan launin zanen anko, har aka kusa rabewa gida biyu, wata tsohuwa ta ɗauko waƙa a tsakiyar hayaniya, kowa ya ji kunya ya bi. Tun daga nan ya zama doka. Da daɗi kam, ba musu. Amma fisabilillahi, wace mace ce za ta miƙe ana tsakiyar yabon Ubangiji ta ce a dakata, ita ba ta yarda ba?

Bara da damina sanyin ƙashi ya kama wuyan hannun Maman Emma na dama. A waƙoƙi masu gudu takan ɗan makara, ta sani, ta kuma yi shiru da bakinta. Wata Alhamis kafin a fara, Uwar Zumunta, Mama Abigail, ta hango ta a bayan benci tana murza man zafi a hannu tana cije leɓe. Mama Abigail mace ce mai tausayi da gaggawa, abu biyun da in suka haɗu sai Allah ya kiyaye. Ana gama addu'a ta miƙe.

Ta ce, "'Yan'uwa, Maman Emma ta yi mana bauta shekara da shekaru. Ina ganin lokaci ya yi da za mu hutar da ita. Mu ba ta kujera a gaba kusa da ni, ƙanwarmu Vicky ta karɓi tulu. Ko ya kuka gani?"

Ɗakin ya yi tsit. Kowace ta saci kallon ta kusa da ita, ta ga fuskar ba ta ce komai ba, sai ta gyara tata fuskar ita ma. Wata a baya da ba ta iya jure shiru ta ɗauko waƙar godiya, don dai a fita daga nauyin. Caki ya karɓa. Saura tulu.

Maman Emma ta dubi mata ashirin da shida suna waƙa, ta ce a ranta, ashe duk sun gaji da ni, ni kaɗai ce ban sani ba. Zuciyarta ta karye. Amma waƙa na tafiya babu gindi, ita kuwa tunda take ba ta taɓa barin waƙa ta tafi haka ba. Hannunta ya ɗaga soso ya sauke. Da matan suka ji tulu ya shigo, da ƙarfinsa kuma, sai kowace ta ce, ah to, ashe ita ma abin da take so ke nan, suka ƙara murya har da rangaji. Haka baiwar Allah ta buga wa kanta sallama, kuma masu kunne sun ce ta daɗe ba ta yi bugu mai kyau kamar na ranar ba.

Alhamis uku ta yi a kujerar gaba, farar kujerar roba mai hannu. Tana murmushi, tana tafi, yatsunta na motsi a cinya. In ta koma gida ko abinci ba ta iya ci.

Sai matan Zumunta suka fara zuwa wurin gwate. Ta farko ta zo da kwano, ta tsuguna kamar mai duba wuta, ta rage murya.

"Mama, tsakanina da ke, ni fa ban so abin nan ba. Na ga kowa ya yarda ne."

Maman Emma ta ce ba komai, ta ƙara mata ludayi guda. Washegari wata ta zo da magana iri ɗaya, har da roƙon kada a ce ita ta faɗa. Rana ta uku mata biyu suka zo, ɗaya na tafiya ɗaya na isowa, suka gaisa a kwalbati kowace na ɓoye abin da ya kawo ta. Vicky kanta ta zo da goyonta, ta ce tun da ta karɓi tulun ji take kamar ta sa zanen wata.

Hadiza mai kawo wa Maman Emma yakuwa da gauta daga Tudun Wada, ƙawarta ta shekara ashirin, tana zaune kan buhu tana jin wasu daga ciki. Da wuri ya yi sarari ta ce, "Maman Emma, su nawa ke nan?"

"Goma sha bakwai."

"Cikin nawa?"

"Ashirin da shida."

Hadiza ta riƙe haɓa. "To wai wane ne kowan nan da ya yarda? Ni dai ban ga ya zo sayen gwate ba. Duk bi-Yarima-a-sha-kiɗa kuka yi. Ke kuma da kike ta kumbure-kumbure, wa ya riƙe hannunki ya buga?"

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ta ce, "Kunya ce, Hadiza. A ce tsohuwa kamata tana kokawa da yarinya kan tulu?"

"To ci gaba da jin kunya, ki rame a banza."

Mama Abigail ce ta zo ƙarshe, ran Talata, ba ta ko zo da kwano ba. Ta zauna a bencin masu ci, ta yi ta juya zoben hannunta, sannan ta ce ita fa da ta kawo maganar so take wata ta musa, ko ita Maman Emma ta ce a'a, sai a bar zancen an dai nuna mata ana kula da ita. Da ta ji tulu ya shigo sai ta rasa yadda za ta janye maganar. Maman Emma ta dube ta, ta dubi tukunya, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ba ta kama sunan kowa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Cewa kawai ta yi, "Uwa, ran Alhamis ki sake tambaya. Amma ki hana waƙa."

Ranar Alhamis Mama Abigail ta sa aka tara caki a kan tebur, aka kife tulu. Ta ce yau ɗaya bayan ɗaya za a yi, kuma daga ƙananan za a fara, don kada su ji bakin manya su bi. Mata suka yi ta gyara ɗankwali. Shirun da suke gudu ya zo ya zauna, ba mai korarsa.

Aka fara. Ta farko ta ce ita tana son Mama ta koma kan tulu. Ta biyu ma haka. Maman Emma ta fara jin sanyi a ranta, sai layi ya zo kan wata mai suna Debby, telar da ba ta je wurin gwate ba. Debby ta miƙe tana kallon ƙasa.

"Mama, ki yafe mini. A waƙoƙi masu gudu hannunki yana makara, mu masu caki muna rikicewa. Ni na yarda da gaske ranar nan."

Wasu huɗu suka ce su ma haka suka gani. Abin ya soki Maman Emma, ba ƙarya. Amma ta lura wannan zafin yana da wurin zama, ta san inda yake da girmansa, ba kamar na makonni ukun nan da ya cika mata gari duka ba. Vicky ta ce ita tana son tulun, ba za ta ɓoye ba, sai dai ba ta son ta same shi ta wannan hanya.

Da aka zagayo, Mama Abigail ta juyo ga farar kujera.

"Maman Emma, ke fa? Me kike so?"

Tun da aka ɗauko ta daga ƙauye ake gaya mata inda za ta zauna, cikin ƙauna galibi, ita kuma tana cewa to. Muryarta ta fito ƙarama.

"Ina so in buga. Debby ta yi gaskiya, hannun ya tsufa, masu gudu sun fi ƙarfina, Vicky ta riƙe su. Amma ku bar mini masu sanyi. Ban gaji ba, 'yan'uwa. Ko kaɗan ban gaji ba."

Ba wadda ta ɗauko waƙa. Mama Abigail ta bi su da ido ɗaya ɗaya, kowace ta amsa da bakinta. Sannan Vicky ta tashi ta juyo da tulun, ta mirgino shi har gaban farar kujera, ta durƙusa ta miƙa soso da hannu biyu.

Maman Emma ta sauko daga kujerar ta zauna a ɗan bencinta na da. Waƙar rufewa mai sanyi ce, duk da haka a baiti na biyu hannun ya makara, kowa ya ji. Debby ce ta fara sassauta cakinta. Sauran suka ja murya suka jira, har bugun ya iso, sannan suka ci gaba tare da ita.