Yadda Na Yi Ubangida A Yalwawa

Daga Damagaram na zo Dutse, da jaka ɗaya da butar shayi, don in koyar da Faransanci a wata makaranta mai zaman kanta. Da yake Hausa na tashi da ita, ban ɗauki kaina baƙo ba sai da na isa bakin ƙofar makarantar. Mai gadi ya tambaye ni ko ni wane ne, na ce ni ne sabon mushen da aka ɗauka, don a wajenmu haka ake kiran malamin boko. Dattijon ya ƙare mini kallo, ya ce tunda yake bai taɓa ganin mushe ya zo da ƙafarsa ba, amma in shiga.

Mai makarantar ya ba ni ɗakin ajiyar kujeru na mako biyu, ya ce kafin nan in nemi wurin zama. Kama ɗaki ni kaɗai ya fi ƙarfina, don haka aka haɗa ni da wani tsohon dillalin gidaje a Limawa, mai keke da jar hula. Na ce masa abokin zama ɗan ƙasarmu nake so, wanda zai san halina. Ya ce akwai, amma in tuna ni na zaɓa.

Mutumin ɗan Maraɗi ne, yana gyaran waya a bakin tasha. Makon farko kamar a gida nake, mu dafa shayi, mu kama tashar ƙasarmu a rediyo, mu yi gulmar tuwon Nijeriya. Abin da ban sani ba shi ne duk wanda ya tsallako iyaka ta Maigatari da lambar wayarsa yake tahowa. An ce baƙo raɓa ne, amma namu damina suka zama. Wata ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar da mutum biyar a kan katifata, ɗaya sanye da silifas ɗina, ga rago ɗaure a jikin ƙyaure yana tauna takardun jarrabawar 'yan aji biyu. Mai silifas ɗin ya ɗago cikin ladabi ya tambaye ni wa nake nema.

Washegari na sake wa 'yan aji biyu jarrabawa, da yamma kuma na koma wajen dillali. Bai ce ai ya faɗa mini ba, dariya kawai ya yi har hularsa ta karkace.

Na biyun ma'aikacin sakatariya ne, saurayi mai tsafta, ba ya tara baƙi, ba ya taɓa kayan mutum. Da ya ji abin da nake koyarwa sai da ya rungume ni. Ashe burinsa ya riƙa zuwa Kwatano sayo motoci, Faransanci ne kaɗai ya rage masa. Ya sayi littafin rubutu mai kauri, ya kuma kafa doka cewa ba Hausa a ɗakin. Ina cin abinci zai tambaye ni sunan cokali. Ina wanka zai tsaya a bayan ƙofa yana son jin sunan soso. In koyar da aji shida a makaranta, in dawo gida in tarar da na bakwai yana jirana da biro a hannu.

Wata biyu na daure, don mutumin kirki ne. Sai ran nan zazzaɓi ya kayar da ni da rana tsaka. Ina rawar sanyi na roƙe shi da Hausa ya taimaka ya sayo mini magani. Ya ce yanzu kuwa, ya sa takalmi, har ya kai ƙofa sai ya dawo ya buɗe littafinsa.

"Malam, yi haƙuri, yaya ake cewa zazzaɓi?"

Na faɗa masa, ya ce in maimaita a hankali, ya rubuta, sannan ya tafi. Maganin kam ya kawo, har da lemo. Da na warke na haɗa jakata.

Dillali ya ce saura mutum ɗaya a hannunsa, a Yalwawa, shi ma mutum uku sun duba sun fasa. Malamin dabbobi ne, firjinsa cike da allurar shanu, takalmansa na roba kuwa ba sai an gaya maka inda suka je ba. Muka je bayan la'asar, muka same shi tsugune a tsakar gida yana wanke takalman, dogo siriri, da ka gan shi ka ga Bafulatani. Dillali ya ce ga malami daga Damagaram. Mutumin ya tambaye ni ko akwai Barebari a danginmu, na ce mahaifiyata Babarbariya ce. Sai ya saki soson ya juya wajen dillali.

"Baba, abokin zama na ce ka samo mini, sai ka kawo mini bawa? To shi ke nan, na karɓa. Kai, ɗauki takalman nan ka shanya."

Wata biyar ke nan ina ƙasar, kowa yana girmama ni, ana ce mini malam baƙo, ana yi mini magana a hankali kamar marar lafiya. Ba wanda ya taɓa tsokanata. Wasan Fulani da Barebari kuwa da shi na girma, kakata ba ta barin mai tallan nono ta wuce ƙofarmu lafiya. Na tambaye shi yaushe Fulani suka fara kwana a ɗaki mai ƙofa, ko saniyar ce ta kama masa hayar. Ya yi dariya har ya zauna a cikin ruwan wankin. Dillali ya hau kekensa, ya ce shi aikinsa ya ƙare.

In don hali ne, ba abin da muka haɗa. Yana son taga a buɗe, ni ina son ta a rufe. Shayina na zagaye uku a wajensa zaman banza ne, ko da yake bai taɓa ƙin karɓar kofi ba. Kindirmonsa da allurar shanu a layi ɗaya suke a firji, sai da na koyi karanta kwalba kafin in sha komai. Amma duk abin da ya dami ɗayanmu, a cikin wasan yake faɗarsa, ɗayan ya rama, a gyara, a wuce wurin.

Da Babbar Salla ta zo iyaka a rufe take, ban samu zuwa gida ba. Bai tambaye ni ra'ayina ba, ya ce bawa ba ya zama ubangidansa ya yi tafiya. Ya goya ni a babur har ƙauyensu a bayan Kafin Hausa. Na durƙusa ina gaida mahaifiyarsa, na ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Kafin ta amsa ta fizge hulata ta cusa a ƙarƙashin tabarma, ta ce sai na fanshe ta da goro. Kwana uku na yi a gidan, tana zuba mini fura tana zagin kakannina, ina sha ina ramawa.

Shekara uku muka yi a ɗakin nan, har ya yi aure ya koma bayan layinmu. Firjin ya bar mini, wai gadon bawa. Na wanke shi da omo da toka da lemon tsami, amma har yau duk wanda ya sha ruwa a ɗakina sai ya tambaya ko ina kiwo.