Ƙarin Ruwa a Ƙofar Gida

Ƙanwata ta haihu a Jimeta, aka ɗauko ta zuwa gidanmu na unguwar Adarawo a Yola wankan jego, kamar yadda aka yi wa kowaccenmu. Goggo, yayar babanmu, ita ce mai wankan. Safe da yamma tukunya na kan wuta, ganyen darbejiya na tafasa, ƙanwata na ihu, mu muna mata dariya.

Tun kafin suna ta fara rawar sanyi. Goggo ta ce zazzaɓin nono ne, duk mai jego tana yi, a ƙara wuta. Aka ƙara. Washegari da hantsi na shiga mata da kunun kanwa, na tarar tana numfashi sama-sama, goshi zafi rau, hannuwa kuwa sanyi ƙalau. Na kira sunanta, ta dube ni ta tambaya ko an tashi daga makaranta. Matar da ta bar makaranta tun yaushe! Nan take na ce a kai ta asibiti.

Goggo ta tare bakin ƙofa, wai mai jego ba ta fita kafin arba'in. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Goggo, ki yafe mini, yau kam sai ta fita." Na buga wa mijinta waya, ya turo motar wani asibitin kuɗi.

Motar ta zo da direba da wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Numan, Sista ake ce mata. Muka kinkimi ƙanwata muka sa a ciki, na haye, ina jira a ja. Shiru. Sista ta auna jininta, ta taɓa wuyanta, ta ce wa direba kada ya tayar tukuna.

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe ta. Na ce, "Sista, zama muka zo yi? Mu tafi mana!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kira ni Adda, wato yaya, ta ce, "Cuta ta shiga jininta daga mahaifa, jinin ya sauka sosai. Mota na tafiya ba zan samu jijiya ba, ita kuma ba za ta jira asibiti ba. Riƙe mini hannun nan."

Na riƙe. Ta soka allura, babu. Ta koma ɗaya hannun, babu, jijiyoyin duk sun ɓuya. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, wani yana buga jikin motar, wata tana cewa a sauke ta a sa a Keke Napep. Ni kaina na fara miƙewa, na koma na zauna, na sake miƙewa. Leɓen ƙanwata ya yi fari, ina jin tsoron in ɗauke ido daga ƙirjinta.

Can a bayan hannu jini ya leƙo. Sista ta maƙala ledar ruwa, ta zuba maganin kashe ƙwayar cuta ta allurar, ta miƙo mini ledar. "Ɗaga sama, ki matsa da ƙarfinki." Sannan ta ce direba ya ja.

Duk tsawon titin Yola zuwa Jimeta hannuna na sama, ya sage, ban sauke ba. Leda ta ƙare, aka sa wata. Mun shigo cunkoson Jimeta, direba na ta danna hon, sai na ji yatsunta sun motsa a cinyata. Ta buɗe ido, ta dube ni sosai.

"Adda, wa ke riƙe da yarona?"

Na buɗe baki in ce Goggo, kuka ya riga maganar fita.