Tokuji Mai Awara Ya Daina Gyara

Tokuji taubashina ne, ɗan goggona, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Awara yake yi a layin kasuwar Hamaura, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Ya daɗe cikin tururin waken suya har fatarsa ta yi laushi kamar ta jinjiri. In ka danna kumatunsa da yatsa, sai gobe ramin yake cikewa. Ni dai boko ban yi nisa ba, na sauka a daidai inda lissafi ya fara cakuɗuwa da haruffa, amma ido kam ina da shi.

Layin kasuwarmu yana da rufi tun daga bakin tasha har gangaren teku, doguwar rumfa ta ƙarfe da gilashi mai launin ruwan shayi. A da, in ji manya, ko allura ka jefa sama ba za ta sami ƙasa ba don cunkoso. Yanzu shaguna sun sauke ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya, matasa sun bi jirgin ƙasa zuwa manyan birane, kyanwoyi ne ke cin kasuwar. Da sassafe hazo yakan taso daga teku ya shige ƙarƙashin rumfar, ya gauraya da tururin tukunyar Tokuji. Sai ka gan shi tsaye da ludayi a hannu, ya ƙura wa layin ido. Ya ce a cikin farin nan yana ganin mutanen da: mai kifi yana ɗaga wuƙa, mai laima yana buɗe hajarsa kamar furanni, mata na tafe da kwanduna, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa.

"Yaya, matattu fa ba sa sayen awara," na ce masa.

"Kai ma da kake raye ai ba ka saye, Gonta. Ci kawai ka iya."

Ana nan sai labari ya zo cewa majalisar gari za ta kwashe rufin, ta rushe shagunan da ba kowa, a yi filin ajiye motoci. 'Yan majalisar sun rabu biyu a kan maganar, ga kuma zaɓe ya ƙarato. Duk ɓangaren da ya ƙaru da mutum ɗaya shi ke da rumfa. Tokuji ya ajiye ludayi ya ce zai tsaya takara. Burinsa a yi wa rufin faci, a ba 'yan birni da suka gaji da birni shagunan da ba kowa, mai gasa burodi ya zo, mai gina tukwane ya zo, a sake jin kukan jariri a layin. Matarsa Sumiye ta dube shi ta ce mutumin da ko a taron biki ba ya iya tashi ya ce sannunku, shi ne zai tsaya takara? Amma ita ce ta goge masa kwat.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tokuji ba a san shi da baki ba, da hannu aka san shi. Ba wanda ya taɓa sayen awararsa ya tafi ba gyara: ɗan yanki soyayye a kai, ko dunƙulen dusar wake a gefe. Hannunsa na hagu ne ke wannan aiki, kuma na rantse ba ya shawara da shi. Yana barci ma hannun yana miƙa wa matashin kai gyara.

Ranar da ya kai sunansa, wani jami'in hukumar zaɓe mai tabarau ya biyo shi shago, ya rusuna, ya ce doka ta hana ɗan takara ba mai zaɓe kyauta.

"Ai ni ba na kyauta, ranka ya daɗe," in ji Tokuji. "Gyara nake yi."

"An biya kuɗinsa?"

"In an biya ai ya tashi daga gyara."

"To shi ne kyautar. Ko ƙwayar wake ɗaya ce, in aka kai ƙara, takararka ta tafi."

Washegari Sumiye ta ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiyar rigar aiki. Yana yanka da dama, na hagun yana fizga kamar kifin da ya haɗiyi ƙugiya. Tsofaffin matan layin kuwa ba su san da wata doka ba, shi kuma kunya ta hana shi bayani. Iya Otane, wadda ita ce uwar gayyarsu, tsohuwar da ta girme wa rabin duwatsun bakin teku, ta buɗe ƙunshinta a gabansa, ta leƙa, ta juya shi, ta sake leƙawa.

"Tokuji, idona ne ya mutu, ko hannunka?"

Ya rusuna kawai.

"Oho. Tun ba a hau kujerar ba! Ubanka ko ranar da aka yi ambaliya sai da ya yi mini gyara, yana tsaye cikin ruwa har wuya."

Kafin azahar magana ta kai gidan wankan jama'a na unguwa, inda ake yanke duk hukuncin Hamaura. Aka ce mai awara ya fara tara kuɗin siyasa. Gaisuwa ta ragu. Ni kaina na ga kyanwa ta kau da kai da ya wuce.

Sauran 'yan takara suna yawo a motoci masu lasifika, da fararen safar hannu, suna kiran sunayensu har tsuntsayen teku suka haddace. Tokuji ba shi da mota. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da keken ubansa da ɗan ƙahon tagulla da tsohon ke busawa in ya fita tallar awara. Ya rataya ɗamarar sunansa a kafaɗa, na bi shi a baya riƙe da tuta.

Da yamma lis ya busa a kan tudu. Sautin nan mai kashi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya gangara cikin lunguna a hankali kamar hayaƙi. Garin ya yi tsit. Sai ƙofofi suka fara zamewa gefe suna buɗewa. Tsofaffi suna fitowa, kowa da kwano a hannu, wasu ba takalmi, fuskokinsu a sake kamar waɗanda aka tasa daga mafarki mai daɗi. Rabon da a ji ƙahon nan tun suna masu baƙin gashi. Ƙafa ce ta tuna, ba kai ba. Wani tsoho har da kiran matarsa ta kawo canji, matar da ta daɗe a ƙasa.

Suka kewaye keken. Akwatin baya kuwa ba komai sai takardun neman ƙuri'a.

Iya Otane ta miƙo kwanonta. Tokuji ya dubi kwanon, hannunsa na hagu, wanda Sumiye kan kwance masa don riƙon keke, ya tashi da kansa, ya shiga akwatin, ya lalube shi lungu-lungu, ya fito wayam. Sai mutumin nan ya sauka daga keke, ya rusuna wa kwanon har goshinsa ya kusa taɓa bakinsa, ya ƙi ɗagowa. Hawaye na ɗiga a ciki, ɗis, ɗis. In ban yi ƙarya ba sai da ya kai rabi.

"Iya, hukuma ce ta hana," ya faɗa wa kwanon. "In na ba ki ko ɓarɓashi, rumfa ta tafi."

Tsohuwa ta juyo gare ni. "Kai, sarkin surutu, gaskiya ne?"

"Yau dai kam gaskiya ne, Iya."

"Shi ne kuka bar mu muna zagin bawan Allah? Har yaushe za a yi wannan azaba?"

"Sai an gama zaɓe mana," na ce, don haka na ɗauka, haka shi ma ya ɗauka.

"To a gama!"

Ranar zaɓe ba a taɓa ganin sanduna da kekunan guragu da yawa haka a Hamaura ba. Iya Otane ta tattaro har waɗanda likita ya hana motsi. Tokuji ya ci. Da gari ya waye, mata suka yi layi a ƙofar shago tun daga tasha har teku, kowacce da kwanon da ya fi na jiya girma. Sumiye ta kwance igiya. Hannun ya miƙe, ya yi hamma, ya nufi tiren soyayya.

Sai ga mai tabarau. Ya rusuna, ya taya murna, ya ce yana so ya tuna wa mai girma ɗan majalisa cewa dokar ta fi kama wanda ya ci. Muddin yana kan kujera, ba gyara.

"Har yaushe?" in ji Iya Otane.

"Shekara huɗu, Iya."

"Ɗan nan, dube ni da kyau. Ka ga alamar ina da shekara huɗun da zan ba hukuma aro?"

Rumfa dai ta tsaya. Tokuji ya ɗaga hannu a majalisa, aka ƙirga, ɓangarensu ya rinjaya. An cire gilasan da suka fashe an sa sababbi, yanzu rana tana saukowa layin a yanke-yanke, kamar ita ma wuƙa aka sa mata. Wasu miji da mata sun zo daga birni sun buɗe gidan burodi a tsohon shagon mai laima, matar da ciki. Ba cunkoso tukuna, kada in yi ƙarya da yawa, amma kyanwoyi sun fara matsawa gefe.

Su Iya Otane kuwa sun koma gidan wanka sun zauna. Sun yanke cewa zaɓe mai zuwa ko ƙuri'a ɗaya Tokuji ba zai gani ba, don gyara ya dawo, kuma duk wadda ta mutu kafin lokacin ta ci amanar ƙungiya. Tsohuwar har ta fara shan maganinta a kan kari. Ni na kai masa labarin yana tace ruwan wake.

"Yaya, an gama da kai. Sun ce warwas za su kayar da kai."

Ya ɗago, fuska duk tururi. "Tsakaninka da Allah? Dukansu?"

"Har da matarka."

Ya ce in tambayo masa ko suna neman mai raba musu takardun kayar da shi.