Inna Mai Bokiti da Daɓen Asibitin Kuɗi

Shekara ashirin da uku Inna Mai Bokiti ta yi tana goge daɓen ɗakin haihuwa a asibitin gwamnati. Ba ta yi makaranta ba, amma ta san sawun tayar gadon marasa lafiya, ta san tabon da ruwa ke fitarwa da wanda sai an zuba magani. Ba ta da fara'a. Ko likitoci suna kaffa-kaffa da ita idan daɓe yana jiƙe.

'Yarta ɗaya ce, tana auren wani mai sayar da tayal. Tun ranar da ya ji irin aikin da surukarsa take yi, bai sake cin abinci a gidanta ba. Da 'yar ta sami cikin fari, sai ya yanke cewa za ta haihu a wani asibitin kuɗi wanda shi ne ya sayar masa da tayal.

"Ki gaya wa Inna," ya ce wa matarsa, alhali Inna tana zaune a gabansa, "matata ba za ta kwanta inda ake jera mata uku a gado biyu ba."

"Ki gaya masa ina da kunne," in ji Inna. "Kuma a can aka haifi matar tasa, ban ga ya dawo mini da ita ba."

Ranar awon farko ta bi su. Wurin yana da sanyi da labule da talabijin a bango. Mai Tayal ya riƙa ƙwanƙwasa daɓen da dunduniyar takalminsa yana yabon kayansa. Inna kuwa ta wuce can ciki, ta durƙusa a gaban ƙofar da aka ce mata ta ɗakin tiyata ce, ta shafa ƙasa da yatsa.

"Ba a shiga ɗakin nan," ta ce. "Babu sawun taya, babu inda gado ya karce ƙofa. Ɗakin da ake aiki a cikinsa, bakinsa ba ya sheƙi haka."

Mai Tayal ya yi murmushi. "Inna, ku yi haƙuri, tsabta ce. Na san ba ku saba ganinta ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta miƙe, ta fita.

Washegari, da ya tafi shago, ta ɗauki 'yarta zuwa asibitin gwamnati. Suka bi layi aka yanka mata kati, aka yi duk gwajin da ake yi. Inna ta miƙa hannunta aka ɗebi jini leda ɗaya, aka rubuta shi da sunan 'yar. Da labarin ya kai kunnen Mai Tayal, sai ya aika mata cewa kada ta sake taka gidansa. Ba ta sake takawa ba. Ta naɗe katin a leda, ta sa shi a aljihun rigar aikinta, ya yi wata biyar a wurin.

Naƙuda ta tashi wata Talata da safe, aka kai 'yar asibitin kuɗin. Zuwa ƙarfe uku na rana aka gano cewa jaririn ya kwanta a gicciye, sai an yi aiki. A nan ne Mai Tayal ya ji cewa likitan tiyatar daga wani wuri ake kiran sa, kuma ba a same shi a waya ba. Ma'aikatan suka rubuta masa 'yar takardar tura su asibitin gwamnati, suka ce ya hanzarta. A motar da yake dakon tayal da ita ya kawo matarsa asibitin da ya raina.

Inna tana goge baranda ta hango su. Ta jingina sandar gugarta, ta zaro katin, ta miƙa wa ungozoma. Ba a tsaya tambayar tarihi ko neman mai ba da jini ba. Kafin rana ta faɗi aka fito da 'ya mace, uwar kuma tana numfashi.

Mai Tayal yana tsaye a kan fasasshen daɓe lokacin da Inna ta iso da bokitinta. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni dai…"

"Ɗaga ƙafarka. Ka taka mini inda na goge."

Har yau shi da Inna ba sa magana sai ta bakin matarsa. Amma da ciki na biyu ya zo, shi da kansa ya zo yankar kati, Inna kuma ta tsayar da shi a waje har sai da daɓe ya bushe.