Naman Sallar da Na Ba Karen Riƙo

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru, ni mutum ne da ya yarda da kansa ƙwarai. Ba karatu ne ya kawo ni Kuala Lumpur ba, ciniki ne. Na fara da sayen wayoyin gwanjo a Chow Kit ina aikawa Kano a jakunkunan ɗalibai masu tafiya hutu, har Allah ya buɗa na koma harkar injinan mota na hannu. Na kama sito mai ɗan fili a bayan Setapak, iyalina kuma suna Danau Kota. Ba a taɓa cusa mini mataccen inji ba, da an tayar da shi na saurara na san ciwonsa. Wannan ya sa nake ganin duk abin da aka gaya mini, ni ne zan zaɓi wanda zan ɗauka da wanda zan zubar.

Ɓarayi sun haura mini fili sun kwashe batura, sai na fara maganar ajiye kare. Akwai wata tsohuwa 'yar Sin mai kedai, wato shago, na kayan wuta kusa da ni, Anti muke ce mata, tana taimaka wa wani gida da ake tara karnukan da aka yasar. Ta ce mini gidan ya cika, kuma akwai wani tsohon kare da maigidansa ya rasu, 'ya'yan suka ɗaure shi a bakin kasuwa suka tafi. Ta ce ba kyauta za su ba ni ba, riƙo ne, kuma in sani yana da ciwon ƙoda wanda ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Abincinsa na musamman ne, ba gishiri, ba nama, ba ragowar tuwo, kuma sai an riƙa yi masa ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata. Ta maimaita mini maganar nama har na gaji. Ni kuwa ina ta cewa boleh, boleh, wato zan iya, a raina ina lissafin na sami mai gadi a ɓagas, tunda su za su riƙa kawo abincin.

Da aka kawo shi sai na ga gadin ma ba zai iya ba. Baƙi ne, bakinsa ya yi furfura, ƙashin haƙarƙarinsa a waje, ba ya komai sai shan ruwa da fitsari. Kuma ni Bahaushe ne, na tashi ina ƙyamar kare. Na ware riga da safar hannu na musamman saboda shi, ban taɓa kai shi gida ba. Amma amana ce na karɓa, sai na koya. Nakan rataye jakar ruwan a ƙugiyar da muke ɗaga inji da ita, in kama fatar ƙeyarsa in soka allurar, shi kuma ya kwantar da kai a kan takalmina har ruwan ya ƙare. Bai taɓa yi mini gurnani ba. A hankali ya ciko, ya fara tare ni a ƙofa yana kaɗa wutsiya kamar mai tsoron kada ta karye. Ban gaya wa kowa ba, amma idan na buɗe sito shi nake fara nema kafin in duba kaya.

Sai Babbar Sallah ta zo. Mun haɗa kuɗi da 'yan'uwa mun yi layya da sa, kuma da yake ni ne mai fili, a wurina aka taru gashi. Aka yi tsire da ƙuli da yaji, aka soya saura da albasa da tafarnuwa da gishiri mai yawa don kada ya lalace. Karen yana kwance daga nesa a inuwar kwantena, kwanonsa na busasshen abinci a gabansa, yana bin kowace loma da ido daga faranti zuwa baki. Akwai wani abokina da muka taso tare a kasuwa, bakinsa ba ya shiru. Shi ya fara. Ya ce jama'a ku dubi Sarkin Karnuka, rowarsa ta kai ya hana kare ƙashi ranar Sallah. Ya ce a garinmu ko karen mahauta ya san yau daban ce, amma nawa an sa shi azumin tsakuwa. Na ce masa ƙodarsa ce ba lafiya. Ya ce to ni ma hawan jini gare ni, me nake yi da tsire a hannu? Kowa ya fashe da dariya.

Ba dariyar ce ta karya ni ba. Ni ɗan riƙo ne, a gidan kawuna na tashi, kuma na san yadda ake ware wa yaro kwano a gefe yana jin ƙamshin abin da 'yan gida suke ci. Na rantse tun ina ƙarami ba za a yi wa kowa haka a ƙarƙashina ba. Da na ga idon karen nan sai na ga kaina. Na ce a raina Anti dai tsohuwa ce mai yawan tsoro, kare kuma da nama aka halicce shi. Na cika faranti da tsire da kitse da soyayye na ajiye masa. Ya cinye har yana rawar jiki, na ƙara masa. Aka yi mini tafi. Ƙarin ruwan ranar kuwa ban yi masa ba, don ina jin kunyar a gan ni a tsugune rungume da kare cikin manyan kaya. Washegari na leƙo, na gan shi lafiya lau a ganina, na sake zuba masa soyayye, na wuce yawon Sallah ba tare da na rataye jakar ba.

Da na dawo da safiyar da ta biyo baya bai tare ni a ƙofa ba. Na tarar da amai a ko'ina, wani da kumfa, wani da jini. Yana bayan wani inji, ya cusa kai a lungu. Na kira shi, ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi, ya faɗi a gefe. Bakinsa yana warin fitsari, dasashinsa ya yi fari, jikinsa yana fizga kamar ana ja masa wayar wuta. Na kawo ruwa ya kau da kai, shi da ba ya ƙoshi da ruwa. Na taɓa shiga hannun 'yan fashi a hanyar Legas, amma tsoron wannan safiya ya fi wancan, domin a can ni aka zalunta. A nan kuwa rai ne aka ba ni amana, ba shi da bakin da zai kai ƙara, kuma da hannuna na miƙa masa abin. Abin da malamai suke faɗa game da haƙƙin dabba duk ya dawo mini a tsaye.

Motar kayana tana hannun wancan abokin nawa, ya ara zai kai iyalinsa ziyara. Na tsayar da masu tasi, duk wanda ya hango kare sai ya ɗaga hannu ya wuce. Ban iya kiran Anti ba. Na kira abokina, ya fara da dariya yana tambayar ko Sarkin Karnuka ya yi sabon bafade. Ban san yadda muryata ta fita ba, sai na ji ya ce ga shi nan zuwa. Ya sauke matarsa da yara a tashar jirgin ƙasa ya juyo. Na ɗauki karen da hannu ba safa, a kan sabuwar shaddata, na zauna da shi a bayan mota. Duk inda muka tsaya a danja sai in ɗora tafin hannu a ƙirjinsa in ji ko yana nan. Abokina ya yi ta zagayawa da mu har muka sami asibitin dabbobi a buɗe.

Likitar ta tambaye ni me ya ci. Halin kasuwa ya motsa, na ce abincinsa ne kawai. Ta dube ni, ta ce idan haka ne sai ta fara neman gubar ɓera ko ruwan inji, kuma lokacin da za ta ɓata wajen neman ba shi da shi. Nan na faɗi komai, har da tafarnuwa, har da ruwan da ban yi masa ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ɗan abin da ya rage masa na ƙoda na ɗora wa kayan da lafiyayyen kare ma zai ji a jikinsa, albasa da tafarnuwa kuma guba ne gare su. Ta ce hanya biyu ce: a kwantar da shi a gwada, ba ta yi alkawari ba, ko a yi masa allurar da zai huta gaba ɗaya. Na ce ta gwada, don Allah ta gwada.

Daga nan na kira Anti na gaya mata. Ta ce, bos, na gaya maka lah, ta kashe wayar. Kwanakin da ya yi a asibiti, duk ƙarar waya sai in ɗauka daga can ne. Uwargida ta ce tunda muka yi aure ba ta taɓa ganin na bar abinci a kwano ba sai a kan kare, amma ita ce take tashe ni ta ce in je in dubo mara lafiyana.

Ya fita da rai, amma ba karen da na sani ba. Likita ta ce abin da ya mutu na ƙodar ba ya dawowa. Anti ta zo za ta ɗauke shi, na roƙe ta ta bar mini shi, ta bari bisa sharaɗin za ta riƙa leƙowa ba sanarwa. Na kula da shi yadda ya kamata tun farko, ruwa a kan lokaci, ko wa yake kallo. Bai kai wata Sallar ba. Na tambayi likitar ko da ban yi abin da na yi ba zai daɗe, ta ce ba ta sani ba. Na so ta ce a'a.

Abin da na koya shi ne, ba karen na tausaya wa ba ranar nan, yaron da nake a gidan kawuna na tausaya wa, kare kuma ya biya. Don haka duk wanda aka ba riƙon mara lafiya, dabba ce ko tsohon gida, aka ce masa kada ya ba shi kaza, to kada ya ba shi, ko da ranar Sallah ce, ko da idonsa zai karya zuciya, ko da abokai za su yi dariya har su faɗi. Masu dariyar gida za su tafi su kwanta. Kai ne za ka zauna a bayan mota kana lalubar ƙirjinsa.