Abincin da Gwaggo ke ɓoye wa baƙi

Ina sauka daga mashin a ƙofar gidan Gwaggo a Safana, ta dube ni sama da ƙasa, ta kama salati.

"Sani, wace cuta kake ɓoye mana? Ko matarka ce ba ta ba ka abinci?"

Na ce, "Lafiya lau nake, Gwaggo. Hawan jini ne ya fara kama ni, likita ya ce in rage tumbi."

Na yi mata bayani: na daina lemon kwalba, na rage shinkafa da mai, na koma tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale. Ofis ɗinmu na Batsari ma yanzu da ƙafa nake zuwa.

Ta ƙura mini ido.

"Kai da albashinka, sai da ka je asibiti aka ce ka ci abin da nake ci tun ina yarinya?"

Na ce e.

"Ikon Allah! Mu kuwa in an yi baƙo ɓoye shi muke, don kunya."

Sai ta janye furar da ta dama mini, wadda ta cika da sukari don karramawa, ta turo mini tata ƙwaryar, ba ko ƙwayar sukari.

Matar nan ta haura saba'in, har gobe da ƙafa take zuwa gona. Ni ko arba'in ban cika ba, ina haɗiyar magani.

Tun da na dawo nake tunani: wai yaushe abincin iyayenmu ya zama abin kunya, tumbi ya zama shaidar samu? Ku ma haka ne a wajenku?